An naɗe gyaɗa da takardun Baba Hamani

Ban gama buɗe shago ba da safen nan salulata ta yi ƙara. Maƙwabcin Baba Hamani ne. Ya ce Baba ya cika bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe tsaye da makulli a hannu, na rasa ƙofar zan buɗe ko rufe ta zan yi.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Niyyata in rubuta ta'aziyya layi uku in yi shiru, amma abin da na gani bayan mun dawo daga maƙabarta ya tsaya mini a rai. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni tela ne, a aji uku na bar lakwal, yadda maganar ta zo mini haka zan zuba ta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Hamani haifaffen Yamai ne, Bazabarme, ɗan tsohuwar Gaweye ta bakin kogi tun ba a yi gada ba. Hausarsa a kasuwa ya tsince ta, kuma bai taɓa jin kunyarta ba. Lokacin da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu yana saurayi, yana aikin planto, wato ɗan aike, a wani buro, shi ke yawo da takardu a keke. Turawan da ke komawa gida suna barin tarkace a ƙofar gidajensu, mutane suna wawar kujeru da tukwane. Shi karto biyu ya ɗauko na littattafan zane na ƴaƴansu, irin waɗanda ake zana jarumai masu tashi sama, masu rufe fuska, masu ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya.

Ya ce mini uwarsa kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ɗan maƙwabta ya kawo gadon ƙarfe, nata ɗan ya kawo takarda.

Daga nan ya ci gaba da tara su, yana ba mutane aro. Ba ya karɓar komai. Sharaɗi ɗaya gare shi. A bayan kowane littafi yana ɗinka farar takarda da allura da zare, duk wanda ya ara sai ya rubuta abin da ya gani game da littafin kafin ya maido. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa, Baba ya rubuta masa. In takarda ta cika ya ƙara wata. Tun yana Gaweye yake haka har ya dawo Banifandou, har akwai littattafan da bayansu ya fi su kauri.

Ni shekara shida ke nan da na zo daga wajen Maradi na kama shago a layinsu. Ranar farko da ya shigo wurina zare mai ƙarfi ya zo nema, kuma na lura ya daɗe yana fama da ramin allura, idon ya fara gajiya. Na ce ya kawo takardun in bi masa su da keken ɗinki. Ya ƙi, wai keke zai yayyaga su. Sai da na gwada masa a kan wata takarda da ɗinki mai faɗi, ya ja ta da hannu biyu ya ga ba ta rabu ba, sannan ya yarda. Tun daga ranar ni ke ɗinka masa, har tsofaffin da zarensu ya ruɓe ni na sake bi.

Bai taɓa kirana da sunana ba. Maradi yake ce mini.

Sallar layya ta farko da na yi a garin nan ban san kowa ba, ina zaune cikin shago ina yin kamar ina da aiki. Ya leƙo ya ce in rufe in biyo shi, baƙo ba ya cin Sallah da keken ɗinki.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni da damina, shi ya zauna a ƙofar shagona yana ba masu kaya haƙuri, har da wata mata da ta zo da faɗa saboda ɗinkin biki. Ban san me ya gaya mata da Zabarmanci ba, amma dariya ta tafi tana yi.

Da ya fara miƙo mini littafi na ce masa ni ba na jin Faransanci. Ya ce, “Su waɗanda suka rubuta a baya wa ya ce maka suna ji? Duba zane, Maradi, sannan ka juya baya. Can labarin yake.”

Gaskiyarsa.

Akwai wani jarumi da masu karatu suka sa wa suna Mai Alkyabba. A wani littafi ya ɗauki babbar mota ya jefi abokin gabarsa da ita. Wani direba ya rubuta a baya, da bik shuɗi da ya koɗe, cewa shi bai ga jarumta a nan ba, kamiyon nan na wani bawan Allah ne, kuma har littafin ya ƙare ba wanda ya je ya ba shi haƙuri.

Wani tela na wancan zamanin ya ce duk wanda ya ɗinka wa mutumin nan kaya mugu ne, riga ta matse kuma ba aljihu ko ɗaya, ina zai sa goronsa.

Wata mata, Baba ne ya rubuta mata, ta ce ta ari littattafan Mai Alkyabba har bakwai ba ta ga ranar da ya je gaida uwarsa ba, don haka ita ba ta ɗaukarsa mutumin kirki.

Wani malami ya rubuta da ajami, ya fara da bisimilla, ya ce rufe fuskar da jarumin yake yi daidai ne, alheri a ɓoye ya fi lada. A ƙarƙashinsa wani ya amsa da boko cewa wanda ya sace masa akuya bara shi ma fuskarsa a rufe take. Malamin ya sake arar littafin don kawai ya ba shi amsa. Sun cika takarda huɗu suna wannan gardama, kuma Baba ya rantse mini ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Akwai littafi ɗaya da jarumin ya zo ƙasar baƙar fata. Shi kam ba wanda ya yabe shi. Wani tsohon soja ya rubuta cewa an ce mun samu ƴanci, amma a cikin littafin nan har yanzu mu ke ɗaukar kaya a kai muna gudu, Bature ɗaya yana cetonmu. Ya ce a ƙone shi. Baba bai ƙone ba. Ya ce mini in ya ƙone littafin, maganar sojan ma ta ƙone.

Ni a takardun nan karatuna ya zauna. Abin da lakwal ba ta ƙarasa mini ba, hannun direbobi da teloli da ƴan kasuwa ne ya ƙarasa. Ko wannan rubutun da kuke karantawa daga can ya samo ƙafa.

Ganina na ƙarshe da shi sati uku ke nan. An sallamo shi daga asibiti, yana kwance a ɗakinsa, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya sa matarsa, Inna Hawa, ta buɗe ƙofar ƙaramin ɗakin da kartunan suke. Ya ce in samo mai kura yau ɗin nan in kwashe su in kai shagona.

Na ce haba Baba, sai ka warke mu kwashe tare.

Ya ce, “Littattafan na Nasara ne, ban damu da su ba. Na bayan namu ne. Kada ka bari a raba su da gidan da za a karanta su.”

Na ce to, in sha Allahu. Ban samo mai kura ba.

Ku da kuka san al'adarmu kun san abin da ya hana ni. Mutum yana kwance da ransa, ga dangi suna shiga suna fita, a ga baƙo ɗan Maradi yana fitar da kaya daga gidansa. Me za a ce? Za a ce na yanke masa ƙauna, ko a ce na fara rabon gado tun mai shi yana numfashi. Kunya ta kama ni. Na ce bari in jira ya ɗan ji sauƙi, ko in jira wani babba a gidan ya kira ni da bakinsa. Duk lokacin da na je gaishe shi bayan nan sai a ce yana barci, ni kuma in gaida Inna Hawa daga tsakar gida in juyo.

Mutane suna yabona da haƙuri. Yau na ga inda haƙurin nawa ya kai ni.

Da muka dawo daga maƙabarta muna zaune ƙarƙashin tanti a ƙofar gida, wani da ke kusa da ni ya sayo gyaɗa wurin matar da ke soyawa a bakin layi. Ya miƙo mini in ɗiba. Hannuna yana cikin ƙunshin idona ya faɗa kan gefen takardar.

Huji ne a jere, faɗinsu ɗaya, da guntun koren zare a maƙale.

Zarena ne. Ragowar ɗinkin kayan ƴan lakwal ne da na yi amfani da shi bara.

Na roƙe shi ya juye gyaɗar a tafin hannunsa. Na warware takardar a kan gwiwata. Rabi ce, an yaga ta biyu. Rubutun direban nan ne mai maganar kamiyo, mai ya ratsa shi, gishiri ya manne a kan sunansa.



Na tashi na je wurin mai gyaɗar. Dattijuwa ce, kowa a layin Gwaggo yake ce mata. Na tambaye ta inda ta samo takardar. Ta ce daga gidan rasuwar nan ne, ɗan ƙanen marigayin ne ya kawo mata buhu guda kyauta, yau kwana goma, har ta sa masa albarka. Ta ce takarda ce mai kyau, ba ta jiƙewa da wuri.

Ba zan faɗi sunan ɗan ƙanen nan ba. Ma'aikaci ne, a Bobiel yake zaune, ya yi karatu mai zurfi. Kuma don Allah zan faɗi gaskiya, shi ya yi ta jigilar Baba zuwa asibiti a motarsa, ban ga ya gaza a nan ba. Baba ƴa ɗaya gare shi, tana aure nesa, saboda haka ragamar gidan a hannun wannan ɗan take.

Na jira har ya gama amsa gaisuwar wasu manyan baƙi, na ja shi gefe na nuna masa takardar. Na ɗauka zai sunkuyar da kai.

Murmushi ya yi. Ya ce ai shi ya yi aikin da hannunsa. Ya ɗauki hotunan littattafan ya sa a intanet, wani mai tara irinsu a ƙasar waje ya gani ya ce yana so, tsofaffi ne, ba a samunsu yanzu. Sai dai mutumin ya ce waɗannan ƙazaman takardu da aka liƙa a baya suna ɓata su. Shi ne ya zauna kwana biyu da reza yana yanke zaren ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in je in duba, ko littafi ɗaya bai ji ciwo ba.

Yana faɗa yana jiran in yaba masa.

Na ce ya karanta ko guda daga cikin abin da ya yanke?

Ya ce, “Tela, wannan harkar ba irin taka ba ce. Surutun ƴan tasha ne da ƴan kasuwa, rabi ma ba a gane rubutun. Wa ya damu da ra'ayin direba a kan littafin da ko yarensa bai ji ba?”

Na dube shi. Gidan rasuwa ne, gawar ko awa uku ba ta yi a ƙasa ba, ban ɗaga murya ba. Ya shiga ciki ya fito da littafi ɗaya na Mai Alkyabba, ya ce in riƙe don tunawa da tsoho, ya san muna shiri. Na juya bayansa. Fes, ba komai, sai ƴan ramukan allura a jikin bango. Na mayar masa na ce na gode.

Na shiga yi wa Inna Hawa gaisuwa. Ban yi niyyar tayar da maganar ba, ita ce ta ga takardar a hannuna. Ta kawar da kai. Sannan ta gaya mini a hankali, don kada matan da ke ɗakin su ji, cewa ta hana yaron, ya ce mata ita ba ta san darajar kayan ba. A tsakar gida ya yi yankan, Baba yana ɗaki kwance, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Na tambaye ta ko Baba ya sani.

Ta ce ranar Juma'ar da ta wuce ya ɗan ji ƙarfi ya ce a kawo masa littafi ya duba. Ta rasa yadda za ta yi, ta ɗauko ɗaya ta ba shi. Bai buɗe gaba ba, baya ya juya kamar yadda ya saba. Ya shafa bangon da yatsa. Ya sake juyawa, ya sake shafawa. Sannan ya miƙo mata ya gyara kwanciya ya fuskanci bango.

Ta ce bai sake neman littafi ba, kuma bai tambayi kowa komai ba. Abu ɗaya kawai ya ce da yamma: Maradi bai zo ba?

Na zo ranar. Daga tsakar gida na juya.

Ina jin ƙyamar abin da ɗan ƙanensa ya yi, ba zan ɓoye ba. Mutum ya yi karatu har ya iya magana da Bature a wata ƙasa, amma bai iya karanta hannun maƙwabtan ubansa ba. Sai dai in na gama jin haushinsa sai in tuna an ba ni amana baki da baki, kunyar idon mutane ta sa na bar ta a tsakar gida. Shi bai san abin da yake yankewa ba. Ni na sani.

Daga ɗakin Inna Hawa na koma wurin Gwaggo. Na ce ta ba ni abin da ya rage a buhun. Ta ce to ita da me za ta naɗe gyaɗarta, da ganye? Na zaro takarda ɗaya daga buhun, ta ajami, na nuna mata layin farko na ce ta san abin da aka rubuta nan. Na karanta mata bisimillar.

Ta saki ludayin. Ta yi ta istigfari, tana cewa kwana goma tana naɗe gyaɗa da sunan Allah, yara suna ci suna yarwa a kwata. Da kanta ta ɗaure bakin buhun ta ɗora mini a bayan moto, wato babur ɗina. Na koma shago na kwaso mata takardun buhun siminti da nake yanka samfurin riga da su, na kai mata.

Buhun bai kai rabi ba. Ta ce ta ɗibar wa mai tsire na bakin titi, ta ɗibar wa wata mai fari masa, wata ƴar'uwarta kuma ta tafi da wasu can wajen Bobiel. Na je wurin mai tsiren. Mutumin kirki ne, ya ba ni abin da ya rage masa, amma mafi yawa sun tafi da nama da yaji. Mai fari masa ba ta fito yau ba.

Na baje abin da na samu a kan teburin yanka. Gardamar malam da mai akuya takarda biyu na gani cikin huɗu. Na tsohon sojan ban gan shi ba. Har yanzu ina dubawa.

Littattafan kuwa su tafi duk ƙasar da za su. Ba zan yi jayayya da magada a kansu ba, haƙƙinsu ne.

Roƙona gare ku biyu ne.

Mutanen Banifandou da Bobiel da duk wanda ya ratsa ta nan cikin kwanakin nan, in an naɗe muku gyaɗa ko tsire ko fari masa a takarda mai rubutun hannu, ku duba gefenta kafin ku yar. In kun ga huji a jere, ku ajiye mini, ko rabi ce, ko mai ya jiƙa ta. Ku aiko mini saƙo a nan, ni zan zo har inda kuke in karɓa. In kuma ubanku ko kakanku ya taɓa arar littafi wurin Baba Hamani, ku zo shago ku duba, wataƙila hannunsa yana cikin waɗanda suka tsira. Zan haɗa su in ɗinke wuri ɗaya, duk mai son karantawa ya zo ya zauna ya karanta.

Na biyun shi ne babba. Ku sa shi a addu'a.

Ya Allah, bawanka Hamani ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka haɗa shi da rahamarka, shi da direban nan da malamin nan da sojan nan da duk waɗanda suka riga shi tafiya. Ka ba Inna Hawa da ƴarsa haƙuri. Ɗan ƙanensa ka shirye shi. Ni kuma ka yafe mini jinkirina, ka sa Baba ya yafe mini.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai karanta masa ƙulhuwallahu ba, ko ƙafa ɗaya ce.